"Kowa zai koma inda ya dace da shi": me Honarabul yake nufi?

Baban Husna (Terminus): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya bayan la'asar Honarabul ɗin nan da ke neman kujera ya zo wurinmu 'yan tebura. Ina tsaye ban fi taku biyar da shi ba, don haka da kunnena na ji. Ya yi maganar cunkoso, ya yi maganar yadda babbar kasuwar Jos ta Terminus ta zama kango tun gobarar Fabrairun 2002, mu kuma muka watsu a bakin titi. Duk gaskiya ne. Sai ya rufe da cewa, "In Allah ya ba mu, za mu tsara wurin nan, kowa zai koma inda ya dace da shi." Aka yi ta tafi. Ni ma na tafa, kada in yi ƙarya. Sai da na koma gida ina cire takalmi maganar ta dawo mini. Ina ne ya dace da ni? Rumfa a cikin kasuwa, ko wani fili a bayan gari inda ko akuya ba ta bi? Abin da ya hana ni barci shi ne, mutumin nan shi ya jagoranci kwamitin da ya tashe mu shekara tara da suka wuce. Ku taya ni aunawa, ko dai ni ne na cika zargi.

Ɗan Rikkos: Wa alaikumus salam. Yaya, da girmanka, wannan neman magana ne. Mutum ya bar duk abin da yake yi ya zo har inda kuke, ya ce zai tsara muku wuri. In bai zo ba ku ce girman kai, ya zo kuma kuna tankaɗe maganarsa da rariya. Shekara tara fa! Ni a lokacin ko sakandare ban gama ba. Mutum ba ya canzawa ne?

Na Anguwar Rogo: Ku kuna ta maganar tebur. Ni wani abu na ji daban. A garin nan in ɗan siyasa ya ce kowa ya koma inda ya dace da shi, mun san karatun. Wanda ya ga rikicin 2001 da 2008 da 2010 ba sai an fassara masa ba.

Shugaban zaure: Na Anguwar Rogo, a taka a hankali. Ba mu yarda a hura wannan wutar a nan ba sai da hujja.

Hajiyar Farin Gada: Bar shi, Shugaba, ni zan ba shi amsa. Ɗana, wannan fassarar taka ba ta hau mutumin nan ba, kuma ni ba 'yar jam'iyyarsa ba ce. A rikicin Janairun 2010 ƙanwata da 'ya'yanta huɗu hanya ta rufe musu. A gidan mutumin nan suka kwana uku, su da wasu da yawa, ba a tambayi kowa sunansa ko inda yake ibada ba. Ƙanwata ta ce matarsa da hannunta ta riƙa dama wa yara kunu, ta fito da barguna saboda sanyin lokacin. Ranar da aka samu sarari shi ya sa aka raka su har gida. Wanda ya yi wannan ranar da yin hakan zai iya jawo masa ƙonewar gida, ba zan ɗora masa waccan ma'anar ba don 'yan kalmomi.

Amma Baban Husna, a kan maganar kasuwa ina bayanka. Nan kam na san halinsa.

Baban Husna (Terminus): Hajiya, Allah ya saka. Bari in faɗa wa ƙanena na Rikkos abin da ya faru, tunda yana makaranta a lokacin. An tara mu, shi da bakinsa ya ce ba za a taɓa teburin kowa ba sai an nuna masa madadinsa. Aka sayar mana da fom naira 5,000 kowanne, aka ba mu rasit mai ruwan ɗorawa. Bayan mako uku, da asubar wata Talata, na iso na tarar da katafila ta gama aiki. Teburina da na sa kafinta ya yi mini da katakon kirki ya koma itacen girki, dilar takalma ɗaya da na bari a ƙarƙashinsa ban sake ganinta ba. Da muka je wurinsa ya ce ai an nuna madadi. Madadin wani fili ne da ba inuwa, ba bayan gida, mota ba ta tsayawa. Ka ga a bakinsa bai yi ƙarya ba, ya ce za a nuna, an kuma nuna. Rasit ɗin na nan cikin jakar takardun auren Maman Husna.

Ɗan Rikkos: Allah ya mayar da alheri, Yaya, ban san haka aka yi ba. Amma kwamiti ba mutum ɗaya ba ne. Ƙila umarni aka ba shi daga sama. Kuma a unguwarmu rijiyar burtsatse biyu ya haƙa, ya biya wa yara kuɗin jarrabawa. Me ya sa ba a sa wannan a ma'auni?

Tsohon Malami (Gangare): Yarana, na karanta duka. Ku ba ni wuri in ɗan yi tsawo, tsufa ne.

Magana mai harshen damo ba yau ta fara ba, mu mun sha ta tun muna samari. Janar Gowon, ɗan jihar nan, ya yi alkawarin mayar da mulki ga farar hula a 1976. Ranar 1 ga Oktoba 1974 ya fito ya ce wannan lokacin ba zai yiwu ba, bai kuma sa wata rana ba. Masu kyautata zato suka ce tsari yake so ya gyara. Ba mu ga ƙarshen gardamar ba, don an kifar da shi a Yulin 1975 yana taro a Kampala.

Wanda ya koya mana karatun sosai shi ne Janar Babangida. Ya sa 1990 zai miƙa mulki, ya ɗaga zuwa 1992, ya sake ɗagawa zuwa Janairun 1993, ya sake kaiwa Agusta. A nan Jos aka yi babban taron jam'iyyar SDP a Maris 1993 inda Abiola ya samu takara, ina cikin 'yan kallo, garin nan ya cika har ba masaka tsinke. Aka yi zaɓe 12 ga Yuni, aka soke. Da wuta ta yi wuta a watan Agusta, bai ce ya yi murabus ba, cewa ya yi zai matsa gefe. A ɗakin malamai muka kwana biyu muna musu a kan kalmar nan. Wani abokin aikina ya ce salon magana ne kawai. Na ce masa mutumin da ya ɗaga rana sau uku, wanda 'yan jarida suka laƙaba wa Maradona saboda iya yanka, ba ya zaɓen kalma da ka. Wanda ya matsa gefe yana nan kusa da hanya. Ga shi kuwa a 2010 ya fito neman kujerar.

To ɗana na Rikkos, rijiya alheri ce, Allah ya ba shi lada. Amma in za ka ba mutum ajiyar kuɗi, tambayar da kake yi ita ce yaya ya yi da ajiyar da aka taɓa ba shi. Ba ka tambayar ko yana da fara'a. Hajiya ta riga ta raba muku gardama ba ku lura ba: a kan zaman tare, tarihinsa ya wanke shi, a kan tebura da rumfuna, tarihinsa ne ya kama shi. Mutum ɗaya ne, magana ɗaya ce.

Barista (Bauchi Road): Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya. Na yarda da rabin maganarka, amma bari in ja da sauran rabin, don tarihi ma yana yaudara.

Obasanjo ya miƙa wa Shagari mulki ranar 1 ga Oktoba 1979, da hannunsa, yana soja. Wannan ne babban jarinsa lokacin da PDP ta tsayar da shi a garin nan a Fabrairun 1999. Da aka fara raɗe-raɗin tazarce a 2005 zuwa 2006, bai fito ya ce yana so ba, bai kuma tsawatar wa masu yi masa kiranye yadda za su daina ba. Duk wanda ya auna shirun nan da 1979 zai ce ai wannan ba mai liƙe wa kujera ba ne. Sai da Majalisar Dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi watsi da gyaran tsarin mulkin ranar 16 ga Mayu 2006 kafin ƙurar ta kwanta. Shi dai har yau yana musanta cewa ya nemi wa'adi na uku, wannan haƙƙinsa ne a faɗa. Abin da nake nufi, halin shekara ashirin da bakwai baya bai isa ya fassara maka shirun yau ba.

Ga kuma na kusa. A 2012 Tinubu na cikin waɗanda suka soki cire tallafin mai da Jonathan ya yi. A yaƙin neman zaɓen 2023 kuwa ya faɗa ƙarara cewa zai cire. Na san mutanen da suka ce ai siyasa ce, wanda ya yi adawa da abu ba zai aikata shi ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 a Dandalin Eagle ya ce tallafi ya tafi, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 a wurare da dama. A nan waɗanda suka riƙe tarihi suka ƙi jin magana su suka sha mamaki.

Tsohon Malami (Gangare): Barista, misalinka na biyu ba ya cikin shari'ar nan. Wannan ai bai yi harshen damo ba, ya faɗa a fili, mutane ne suka toshe kunne. Inda magana ta fito sarari, ita ake kamawa. Sai ta yi duhu ake kunna fitilar abin da ya wuce. Na farkon kuwa na karɓa, da gyara ɗaya: waɗanda suka tsaya a 1979 sun tsallake shekara bakwai ɗin da yake kan kujera a gabansu. Na jiya-jiya ya fi na shekaranjiya nauyi.

Na Anguwar Rogo: To ai shi ke nan, duk bakinsu ɗaya. Kowa ya zauna a gida ranar zaɓe.

Hajiyar Farin Gada: Kai kuma daga wannan rami sai wancan. Zauna a gidan, wasu su zaɓa maka wanda zai aiko katafila.

Ustaz ('Yan Kwalli): Ina so in sa baki ta fuskar addini, don na ga ana jefa kalmar zargi. Gaskiya ne a Suratul Hujurat, aya ta 12, an hana mu yawan zato, domin sashen zato zunubi ne. A aya ta 6 kuma an umarce mu da bin diddigin labari. Saboda haka abin da ɗan'uwa na Anguwar Rogo ya yi da farko, ɗora wa mutum mummunar niyya ba tare da ya taɓa ganin irinta daga gare shi ba, shi ne abin gudu. Amma hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa ba a saran mumini sau biyu daga rami ɗaya. Wanda aka fasa wa tebur in ya yi taka-tsantsan bai yi zunubi ba.

Akwai kuma wata mas'ala da ta dace da nan. Malamai suna kiran irin wannan magana tauriyya: ka faɗi kalma mai fuska biyu, mai sauraro ya ɗauki ɗaya, kai kana nufin ɗayar. Sun yi sauƙi a kanta ga wanda ke tsare kansa daga zalunci. Amma inda haƙƙin wani ya shiga, hadisin Muslim ya ce rantsuwa tana bisa niyyar mai rantsarwa ne. Wato ba ka da damar ɓoye wata ma'ana a cikinka ka ci haƙƙin mutum da ita. Mai neman ƙuri'a amana yake nema. Abin da 'yan tebura suka fahimta har suka tafa, a kansa za a tambaye shi, ko da ya tanadi wata fassarar a aljihu.

Na Kubwa: Ina biye da ku daga Abuja, ɗan Dilimi ne ni, aiki ya kawo ni nan. Na taɓa yin shekara biyu ina rubuta wa wani babba jawabi, ba zan faɗi ko wane ne ba. Ku daina ɗauka cewa irin wannan magana suɓutar baki ce. Wata rana zai gana da mutanen da ake shirin tasa daga wani wuri. Na rubuta, "ba za a rushe gidan kowa ba." Ya karanta, ya cire tabarau, ya ja layi a kai da jan biro, ya rubuta a sama, "ba za a zalunci kowa ba." Na ce ranka ya daɗe, ai ta farkon ta fi kwantar da hankali. Ya ce, "Ta farkon za a iya kunna mini ita a rediyo bayan shekara ɗaya." Ya mayar da tabaransa ya ci gaba da shan shayi. Tun ranar na gane cewa jimlar da ta fi santsi a jawabi ita aka fi daɗewa ana gyarawa.

Kuma tunda ana kawo manya, ga wanda ya fi kusa da zukatanmu, marigayi Buhari, Allah ya jiƙansa. A Mayun 2012 a Kaduna ya ce in aka maimaita abin da aka yi a zaɓen 2011, to a 2015 za a yi kare jini biri jini. Da Hausa ya faɗa. Jaridun Turanci suka fassara ta kalma da kalma, ta fito kamar kiran a zubar da jini. Mu mun san karin magana ce ta karawar da ba wanda zai fita salin alin. Masu kare shi suka ce ku dubi halinsa: 2003 kotu ya je, 2007 kotu, 2011 kotu. Masu sukarsa suka ce ku dubi abin da ya biyo bayan zaɓen 2011, inda ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe sama da mutum 800 cikin kwana uku, wanda ya san haka ta faru bai kamata ya ambaci jini ba ko da wasa. Kowane ɓangare tarihi ya ɗauko, kowa ya ɗebi wanda ya yi masa daɗi. Na tuna yadda muka yi ta kumfar baki muna kare shi, ni ma har da ni. Da wani ne daga can ya faɗi makamanciyarta da harshensu, anya za mu tsaya neman ma'anar karin magana?

Ɗan Rikkos: Yauwa Yaya na Kubwa, abin da nake son faɗa ke nan. Wanda ake so ana nemo masa fassara, wanda ba a so ana tono masa laifi.

Na Kubwa: Ƙanena, kada ka yi saurin murna, sandar ta taɓa ka kai ma. Shi marigayin ranar rantsuwa a 2015 ya ce shi na kowa ne kuma ba na kowa ba ne, ƙasa duka ta tafa, kowa ya ji abin da yake son ji. Bayan wata biyu a Amurka ya ce waɗanda suka ba shi kashi 97 ba za a daidaita su a wasu abubuwa da waɗanda suka ba shi kashi 5 ba. Daga nan masu adawa suka koma suka sake karanta jimlar farko da wani ido. Kai ma yanzu kana karanta ta Honarabul da idon rijiyar unguwarku, Baban Husna yana karanta ta da idon teburinsa. Bambancin, magana a kan tebur aka yi ta, ba a kan ruwa ba.

Barista (Bauchi Road): Shi ya sa ni ban cika son dogon tafsiri ba alhali mai maganar yana raye, yana gari, yana kuma neman ƙuri'a. Mamaci ake yi wa hasashe. Wannan a tambaye shi: ina ne wurin, rumfa nawa ce, za a tashi mutane kafin a gama ginin ko bayan an gama, kuma masu tsohon rasit me ye matsayinsu? In ya amsa, an samu abin riƙewa. In ya sake zillewa alhali an ba shi dama, to zillewar ma amsa ce, kuma a lokacin Baban Husna ya samu shaida biyu.

Hajiyar Farin Gada: A kasuwarmu in dillali ya ce maka "ba za mu ɓata ba", ba a sauke kwandon tumatir daga mota sai ya faɗi kuɗi. Na taɓa saukewa a kan "ba za mu ɓata ba", rana ta yi, kaya suka fara ruwa, na sayar a yadda ya ga dama. Ba mu ɓata ɗin ba kuwa, har yau muna gaisawa.

Ɗan Rikkos: To na ji. Ina da lambar mai taimaka masa, bari in tura masa tambayoyin Barista yadda suke. Ni na tabbata zai amsa.

Tsohon Malami (Gangare): Madalla da ɗana. Ka ƙara masa da ɗaya daga wurina: ya yarda an yi kuskure a wancan karon? Ba neman tozarta shi nake yi ba. Ka ce mutum yana canzawa, haka ne, na ga ɗalibai da yawa sun canza. Amma duk wanda na ga ya canza, sai da ya fara iya faɗin abin da ya yi da bakinsa.

Ɗan Rikkos: Ya dawo da amsa yanzu. Ga ta yadda ya turo: "Honarabul ya ji koken 'yan kasuwa, kuma yana tabbatar musu cewa ba wanda za a zalunta. Za a yi komai bisa tsari, tare da tuntuɓar masu ruwa da tsaki."

Na Kubwa: Ikon Allah. Har jan biron nake gani.

Ɗan Rikkos: Ni kaina ban ji daɗinta ba, gaskiya. Amma mai taimaka masa ne ya rubuta, ba shi ba. Ya ce ranar Asabar bayan azahar Honarabul zai zauna da shugabannin 'yan tebura. Yaya Baban Husna, ka zo, ni zan shigar da kai, ka yi tambayar da bakinka a gaban mutane. In ya ba ka irin wannan amsar, ni da kaina zan dawo zauren nan in faɗa.

Baban Husna (Terminus): Zan zo in sha Allah. Maman Husna ta ciro rasit ɗin, ya ɗan ci ruwa a gefe amma hatimi da sa hannu suna nan raɗau. Barista, ka rubuto mini tambayoyin nan da manyan baƙi, kada in tsaya gabansa in rikice in sake tafawa.

Hajiyar Farin Gada: Ka biya ta shagon masu kwamfuta a buga maka kwafi biyu tukuna. Na ainihin ka bar shi a gida wurin Maman Husna, kada wani ya ce kawo in duba.